Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Hafsan Sojin Ruwa: A Ƙera Mana Kada Daidai Ruwanmu

Ranka shi daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida hafsoshinka da yaran da ke kwana kan ruwa domin mu samu barci a tudu. Allah ya tsare su, ya maido su ga iyayensu lafiya.

Daga ƙofar gidana a Sakkwato zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, saboda haka ya kamata in fara faɗin abin da ya haɗa ni da wannan magana. Shekara 19 na yi ina gyaran katafila da injinan haƙa a rafukan Neja Delta kafin in dawo gida in buɗe gareji. Kakana yana cikin 'yan Arewa da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, kuma har ya koma ga Allah, in ya tashi labarin yankin Arakan na can, rafuka da taɓo ya fi ambata bisa ga harsashin Japanawa. Yanzu ɗan ƙanena na cikin kaki. Ba ni da igiya ko ɗaya a kafaɗa, amma na san abin da ruwan gishiri ke yi wa ƙarfe, na kuma san yadda laka ke haɗiye inji.

Maganata a kan motar sulken nan ce mai tafiya a ruwa da tudu, wadda ke ɗaukar soja daga jirgi ta fitar da shi gaɓa. A 2022 rundunarka ta karɓi NNS Kada, jirgin sauke dakaru mai tsawon mita 100 da kamfanin Damen ya ƙera a Sharjah, ya maye gurbin NNS Ambe da NNS Ofiom da suka tsufa. Madalla da wannan. To, ranar da ya buɗe bakinsa a gaɓar da abokin gaba ke jira, me zai fito daga cikinsa? Dillalan makamai suna da amsa a aljihu, da hotuna masu sheƙi na mota tana keta raƙuman ruwa tana hawa farin yashi. Mun kuma saba karɓar kayan da Amurka ta gama da su, kamar NNS Thunder da NNS Okpabana. Roƙona shi ne a tambayi ruwanmu kafin a saurari dillali.

Su kansu masu abin ba su gama warware shi ba. Motar AAV-7 ta fara aiki a rundunar kundumbalar ruwan Amurka a 1972. Nauyinta ya kusa tan 29, tana ɗaukar soja sama da 20, gudunta a ruwa bai wuce kilomita 13 a awa ba. A zamanin da aka zana ta, uwar jirgi kan matso kusa da gaɓa ta sauke ta. Da makamai masu linzami suka yawaita, dole jirgi ya tsaya nesa, bayan inda ido ke iya gani. Yi lissafi, ranka shi daɗe: kilomita 40 a wannan gudu awa uku ke nan, mutane a cushe cikin akwatin ƙarfe, ga hayaƙin gas, ga zafi, ga amai. Wanda ya fito daga nan jinya yake buƙata kafin a yi zancen faɗa.

Sai suka ce a ƙera mai gudu. Suka kira ta EFV, aka sa mata inji mai ƙarfin doki 2,700 domin ta ɗago kan ruwa ta yi kilomita 46 a awa. Kafin abu mai nauyin nan ya ɗago, sai cikinsa ya zama shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Ana cikin haka yaƙin Iraƙi ya nuna musu cewa shimfiɗaɗɗen ciki shi ne abincin nakiyar da ake binnewa a hanya. Ga yawan lalacewa wajen gwaji, ga tsada. A Janairun 2011 sakataren tsaronsu Robert Gates ya soke aikin, bayan an kashe kusan dala biliyan 3. A 2018 suka zaɓi ACV ta kamfanonin BAE Systems da Iveco, mai taya takwas, mai ciki kamar ƙirjin kwalekwale don ya watsa ƙarfin nakiya, tana ɗaukar soja 13. Gudunta a ruwa ya koma inda aka baro tun 1972. A Yulin 2022 igiyar bakin gaɓa ta kayar da ɗaya ta naƙasa wata a Kalifoniya, a Oktoba wata ta sake kifewa, har aka dakatar da shigarsu wurin da igiya ke karyewa na wani lokaci.

Dalilin duk wannan kai-komo a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe sifana. Ruwa yana son abu marar nauyi, mai faɗi, mai kwanciya ƙasa-ƙasa. Nakiya da harsashi suna tilasta kauri da nauyi da tsayi daga ƙasa. Duk kilo ɗaya na sulke da ka ƙara, ka rage tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin ƙofa. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya, kuma ƙasar da ta fi kowa kuɗi ta gwada shekara 50 tana nema.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ranar 30 ga Yulin 2020, kusa da tsibirin San Clemente. Babu abokin gaba, atisaye ne. AAV ɗaya tana komawa jirgi da mutum 16 a ciki. Ruwa ya riƙa shiga ta wuraren da ba a toshe da kyau ba, har da mazaunin fitilar gaba da aka ɗaura ba daidai ba. Giyabos ya zubar da mai ya tsaya, famfunan da ke fitar da ruwa suka rasa ƙarfi domin sun dogara da shi. Fitilun gaggawa na ciki ba su kama ba. Babu kwalekwalen ceto a kusa. Da yawan yaran ba su kammala horon fita daga motar da ke nutsewa ba. Kusan minti 45 ruwa yana hawa, daga idon sawu zuwa ƙugu. Da aka buɗe ƙofar sama don a kwashe su, wata motar da ta zo taimako ta buge ta, ta juya gefenta ga igiya, ruwa ya afka ta ƙofar. Ta tafi ƙasa, zurfin sama da mita 100, mutum tara suka rasa rayukansu. Ni makanike ne, kuma duk abin da na lissafa ɗin nan na san shi a hannuna: fakin da ya bushe, kusoshin da ba a ɗaure ba, man da ke ɗiga ana cewa gobe a duba. In haka ta faru ga masu rumbun kayan gyara, ina ga mu da za mu jira wata shida kafin roba ɗaya ta iso daga waje? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yaƙin Yukiren ya ƙara wani darasi. Rasha ta tara jiragen sauke dakaru a Baƙin Teku a 2022, amma ba ta iya sauke kowa a Odesa ba. A cikin jiragen yaƙinta, an ƙona Saratov a tashar Berdyansk a watan Maris, an nutsar da Moskva a Afrilu, a Fabrairun 2024 kuma ƙananan kwalekwale marasa matuƙi suka nutsar da Caesar Kunikov. Babban abu mai tafiyar hawainiya a kusa da gaɓa ya zama abin hari mai araha.

Yanzu mu dawo gida. Gaɓar tekunmu kilomita 853 ce, kuma inda take da yashi, igiyar Atlantika tana dukanta da ƙarfi, irin igiyar da ta kifar da ACV. Bayan yashin sai rafuka da dazukan itatuwan nan masu saiwa a waje, inda teku ke cika ya janye sau biyu a yini. A nan ne masu fasa bututu da 'yan fashin teku suke, kuma a nan ne babu ƙasa mai taurin da za ta ɗauki tan 30.

Na gani da idona. Wata shekara a wani rafi bayan Bonny, mun sauke injin haƙa mai tan 20 daga jirgin dakon kaya da hantsi, ruwa ya janye, gaɓar ta yi sumul kamar daɓe. Baƙar laka ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Direba bai yi tsawon injin biyu ba sarƙar hagu ta lume. Ya ƙara wuta, ta ƙara lumewa, har cikin injin ya zauna kan laka, ita kuwa ta riƙe shi kamar ƙaho a bayan majinyaci. Muka sa katako, muka ɗaura waya, a banza. Bayan la'asar ruwa ya dawo. Muka cire batir da kik muka hau jirgi, muna kallo har ruwa ya rufe kujerar direba. Kwana tara kafin mu fitar da shi, da na buɗe injin kuwa gishiri ya riga ya ci. Ba wanda ya harbe mu a ranar. Sau da yawa nakan tuna wurin, in sa yara 13 a cikin wannan ƙarfe, in sa mai bindiga a cikin saiwoyin nan. Abin da ke tafiya a irin wannan laka shi ne injin nan mai faffaɗan sarƙa kan tankunan iska da ake kira suwam-bogi, wanda rundunarka ma ta yi amfani da shi wajen rusa haramtattun matatun mai. Sirrinsa ɗaya ne, ya baza nauyinsa.

Tafkin Cadi kuma wani ruwa ne dabam. Ba shi da igiya irin ta teku, ba shi da zurfi, amma ciyawa ta shaƙe hanyoyinsa, tsibiran da ake kira tumbun suna bayyana suna ɓacewa gwargwadon shekara. Farfela tana naɗe ciyawa, mota tana kafewa, mai ƙaramin kwalekwale da ya san hanya shi ke da wurin. Sojan Cadi kusan 100 aka kashe a Bohoma a Maris ɗin 2020, a sansanin da ruwa ya kusa kewayewa. Yaranka da ke Baga sun fi ni sanin wannan.

Sai namu na nan, wanda ba a cika sa shi a lissafin sojan ruwa ba. Daga Yuli zuwa Satumba, Rima da Bunsuru da Gagare sukan cika su malala cikin fadama, garuruwa da yawa a gabashin Sakkwato su koma kamar tsibirai. Wani watan Agusta na je gyaran injin casar shinkafa a wani ƙauye gefen gulbi. Da asuba muka ji harbi daga tsallake. Kafin rana ta ɗaga jami'an tsaro sun iso da mota biyu, ɗaya mai sulke, suka tsaya daidai inda hanya ta shige ruwa. Ba su yi nawa ba, ba su kuma ji tsoro ba, hanya ce ta ƙare. Kwalekwale ɗaya ne a mashigin, na wani tsohon Basarke. Mutum huɗu yake ɗauka, kowanne da rigar sulke da hular kwano da harsasai, nauyin rabin buhun siminti ko fiye. Da suka zauna, tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi yatsa huɗu ba. Wani yaro a cikinsu, da ƙyar in ya kai shekara 22, ya kwance rigarsa, ya dubi tsallake, ya mayar ya ɗaure. Ya ce, "Baba, zurfinsa ya kai ina?" Tsohon ya ce, "Ɗana, can tsakiya gora ba ta taɓa ƙasa. Ka zauna daidai, kada ka motsa." Kafin sawu na uku ya ƙetare, hayaƙin da ke tashi a tsallake ya riga ya lafa, an kora shanu, an tafi da mutane. Fuskar yaron nan ita ta sa ni rubuta wannan wasiƙa. Ya san in ya cire rigar harsashi zai same shi, in ya bar ta ruwa zai ja shi ƙasa, kuma ba wanda ya ba shi zaɓi na uku.

Tarihinmu ma ya faɗa mana. A Yulin 1967 dakarun Benjamin Adekunle sun sauka Bonny daga teku suka yi nasara, haka Kalaba a Oktoba, saboda an shirya tare da sojan ruwa, an san mashiga. A wannan Oktoban ne runduna ta biyu ƙarƙashin marigayi Murtala Muhammad ta yi ta ƙoƙarin ƙetare Kwara daga Asaba zuwa Onica da jiragen fito, aka yi asarar rayuka mai yawa, garin bai faɗi ba sai Maris ɗin 1968, ta hanyar tudu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare. Kogi ne ya yi wannan, ba teku ba.

Ga abin da nake roƙo, ranka shi daɗe. A raba aikin gida biyu. Doguwar tafiyar ruwa a bar wa jirgi, domin shi aka yi don ita. Suwidin tana da CB90, ƙaramin jirgi da ke shiga ruwan da bai kai mita ɗaya ba, yana tura kansa da feshin ruwa maimakon farfela, yana wuce kilomita 70 a awa da soja kusan 20, ya dafa gaɓa ya buɗe ƙofa ta goshi. Kolombiya, wadda ta yi shekaru tana yaƙi a koguna, ta ƙera nata jiragen a masana'antar Cotecmar da ke Kartahena, har Burazil ta saya. Ita kuwa motar, aikinta ya tsaya ga yankin da ya gagari jirgi ya gagari taya: laka, fadama, ciyawa, ruwa iya ƙirji. Irin wannan tana son sarƙar roba mai faɗi da jiki marar nauyi, kamar Bv206 mai gida biyu a haɗe, wadda ko da kaya ba ta kai tan bakwai ba, kuma takunta a ƙasa bai kai na ƙafar mutum nauyi ba. Tana iyo a hankali da sarƙarta, ba ta da farfelar da ciyawa za ta naɗe. Sojan kundumbalar ruwan Ingila suna aiki da 'yar'uwarta mai sulke.

Ba zan ɓoye farashin wannan zaɓi ba. Mota marar nauyi za ta tare harsashin ƙaramar bindiga, ba za ta tare nakiya ba. Ranar da wani kwamanda ya rasa abin hawa ya tura ta kan hanyar da ake binne bam, ya kashe yaransa. Wannan aikin motoci masu jure nakiya ne, irin Ezugwu. A rubuta haka cikin dokar aiki da ita tun kafin a ƙera ta.

Kafin a yi zancen bindigar da za a ɗora a kai, a fara zana hanyar fita. Ƙofofi a sama, masu faɗin da soja da kayansa zai wuce, waɗanda hannu ɗaya zai buɗe cikin duhu ko da inji ya mutu. Famfon fitar da ruwa ya zama da batirinsa dabam, a ƙara na hannu a gefe. Rigar sulke ta zama mai igiya ɗaya da in an ja za ta zube, da rigar iska a ƙarƙashinta. Kada mota ta shiga ruwa babu kwalekwalen ceto a bayanta, ko a atisaye. Kada kuma a sa yaron da bai iya iyo ba a cikinta. Muna da masu iyo tun suna goye: Sarkawan Argungu da Yawuri, Nufawa, Ijo, Buduma. A neme su musamman. Ana ruwaito cewa Kanta na Kabi yana da jirgin ruwa na sarauta da matuƙa masu yawa, yana ratsa fadamar nan tamu da damina. Ƙasar nan ta san yaƙi kan ruwa tun kafin a kafa barikin Giginya.

Sama ma ta zama hanyar hari, tunda 'yan ta'addan tafkin Cadi sun fara ɗaura bam a ƙananan jirage marasa matuƙi. A bar wurin ragar ƙarfe da na'urar toshe sadarwa a rufin tun daga zane. Mu ma mu sa ƙaramin kwalekwale marar matuƙi ya riƙa shiga gaba yana auna zurfi. A tsibirin Tarawa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Nuwamban 1943, kuskuren lissafin cikar teku ya sa jiragen Amurka suka kafe kan duwatsun ƙarƙashin ruwa, yara suka taka ɗaruruwan mitoci cikin ruwa ana harbinsu, sama da 1,000 suka mutu cikin awa 76. Kuna da NNS Lana mai auna teku tun 2021. A faɗaɗa wannan aiki zuwa rafuka da tafki da gulabe, a san inda laka ke ɗaukar nauyi da inda ba ta ɗauka, wata bayan wata.

Inji kuwa, don Allah a sa wanda makaniken Warri da na Maiduguri da na Sakkwato suka sani, irin na manyan motocin da ke kan titunanmu, wanda za a samu filta da fambel ɗinsa a kasuwa. A kuma ƙera jikin a gida. Masana'antar jiragenku ta Legas ta fitar da NNS Andoni a 2012, NNS Karaduwa a 2016, NNS Oji a 2021. DICON, masana'antar makaman sojanmu, tana Kaduna tun 1964, ta samu sabuwar doka a 2023. Hannun da ya yi waldar jirgin sintiri ba zai gaza akwatin alminiyam mai tan bakwai ba. A ƙera uku kawai tukuna, a ba su wuya a igiyar Legas, a lakar Bonny, a ciyawar Baga, a fadamar Rima, a kai sakamakon gaban kwamitocin Majalisa kafin a sa hannu kan kwangilar ɗari.

Kakar duk waɗannan motoci ba don yaƙi aka fara yin ta ba. Donald Roebling ya ƙera ta a Fulorida a shekarun 1930 domin ceto mutanen da guguwa ta ritsa da su cikin fadamu, ya sa mata sunan kadan ƙasarsu, daga baya soja suka gani suka ɗauka. Mu nan mun san ranar da za mu buƙace ta. A Satumban 2010, da ruwan Goronyo ya sauko, ya cinye ƙauyuka ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗalibai da malamai suka koma shiga kwalekwale. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle kan Maiduguri. A Afrilun 2022 mutum 29, yawancinsu yara, suka nutse a Gidan Magana cikin ƙaramar hukumar Shagari. Motar da za ta kai soja tsallake da asuba, ita ce za ta kwaso mata da yara daga kan rufin ɗaki da yamma, kuma direban da ya yi damina uku yana wannan aiki ya san ruwansa tun kafin ranar faɗa.

In an ƙera ta farko, a kawo ta ƙasan madatsar Goronyo a tsakiyar Agusta, lokacin da gulbi ya fi cika. Akwai Sarkawan da za su nuna wa injiniyoyinku inda ƙasa take da inda babu. Ni ma zan rufe gareji in zo da akwatin sifanonina, in kwanta ƙarƙashinta in duba kowane fakin da hannuna kafin ɗan wani ya shiga.

Allah ya taimake ka, ya ba ka mashawarta na gari.

Naka,
Tsohon makaniken katafila,
Sakkwato.